Turbon Baba Bawa

Mamman yana kwance rigingine a ƙarƙashin motar, bayansa a kan yagaggen kwali, sa'ad da idonsa ya faɗa kan tiyon. Ya bi shi da yatsa tun daga gindin turbo, yana fatan duhun wurin ne ya ruɗe shi. Ba ruɗi ba ne. Maimakon ya gangara ƙasa, tiyon ya lanƙwasa ya hau sama, ya zagaya bayan inji, ya je ya shiga kusa da murfin da ake zuba mai.

"To, mai diplom, mi ka gani?"

Ƙafafun Baba Bawa kaɗai yake hange daga inda yake, faso ya tsattsaga duga-dugansu, kusa da su kuma takalman roba na Buba mai walda. Mamman ya san abin da ya gani sarai. A makarantar fasaha ta Maradi an koya musu cewa man da ke shiga turbo ba shi da mai turo shi waje. Nauyinsa kaɗai ke maido shi cikin inji, kamar ruwan sama a indararo. Idan aka ce ya hau tudu, sai ya taru, ya nemi hanya, ya tsiyaya cikin bututun iska. Injin gazwal kuwa, wato dizal, ba ya tambayar abin da aka ba shi. Zai sha nasa man ya yi ta gudu, ko an kashe makulli, har sai ya tarwatse. Malaminsu ya ja jan layi biyu a ƙarƙashin wannan darasi.

"Waldar ta yi tsabta, Baba," in ji Mamman.

Buba ya yi dariya ya ce ai ko a Faransa sai haka. Baba Bawa ya daki ƙofar motar da tafin hannu, ya ce tun da boko ya sa albarka, magana ta ƙare. Mamman ya ƙara jimawa a ƙasa fiye da yadda aikin ke bukata, don kada su ga fuskarsa.

Motar tsohuwar Pijo ce mai dogon baya, wadda Baba Bawa ya mallaka tun shekarar da soja suka karɓi mulki. Kullum da safe sai ya cika ta da matan unguwarsu Lamorde, a hayin kogin Yamai, da kwandunansu, ya haye gada da su zuwa Kale, ko ya zarce Wadata inda ƴan kasuwa suka koma tun da babbar kasuwa ta ƙone. Katanga ɗaya ta raba gidansa da na su Mamman. A cikin wannan motar aka ɗauki gawar mahaifin Mamman, a cikinta Mamman ya koyi tuƙi, kuma ita ce ta riƙa kai shi tasha duk ƙarshen hutu har ya gama karatu. Yanzu shekara biyu ke nan da diplom ɗinsa, kowace Litinin yana zuwa ma'aikata ya duba allo ko sunansa ya fito. Bai fito ba tukuna.

Damina ta wuce ba a girbe ko zangarniya ba a Adar. Ƙanwar Baba Bawa, Hamsatu, tana can Kwaren Gawo bayan Keita, da jikoki bakwai da surukai biyu. Mazan sun bi ragowar dabbobinsu kudu, babu wanda ya san inda suka tsaya. Watanni uku da suka wuce Baba Bawa ya kai mata gero. A hawan dutsen da ke gaban ƙauyen motar ta yi nishi, ta yi tari, ta tsaya cik. Sai da ya sauke buhunan, ya hau da ita fayau, sannan ya dawo ya riƙa ɗauko su ɗaya bayan ɗaya a gadon bayansa cikin rana. Ya dawo Yamai da ɗabi'ar tauna kanwa, wai ƙwannafi ke damunsa, da kuma niyyar cewa dutsen nan ba zai sake ganin bayansa ba.

A kasuwar Katako ya tsinci maganin, cikin tulin ƙarafa: turbo da aka ciro daga wata motar turawan agaji da ta kife. Mai sayarwa ya ce abin nan shi ke hura wa inji iska, kamar zugazugin maƙeri, tsohuwar mota ta koma budurwa. Baba Bawa ya naɗo shi a buhu ya kawo gida kamar jariri. Buba, wanda rumfarsa ke Kale, ya ƙera masa mazauni da guntayen bututu. Da aka zo kan hanyar komawar mai, Buba ya ce daidai shi ne a kwance kaskon mai na ƙasan inji a huda shi. Baba Bawa ya ƙi. Shekara goma sha ɗaya tana ciyar da gidansa, in ji shi, ba a taɓa buɗe cikinta ba, ba kuwa za a fara a kansa ba. Ban da haka, tun da aka rufe iyakar Najeriya ko fatar da ke toshe bakin kaskon ba a samu a gari. In tsohuwar ta yage wajen kwancewa, motar ta zauna ke nan. Buba ya ɗaga kafaɗa, ya ce mai doki shi ya san inda yake ɗaure shi, ya mayar da tiyon ta sama.

Takardar izinin fitar da hatsi kuwa ta riga ta fito, bayan mako uku na zarya. Kwana uku aka ba shi, daga Alhamis zuwa Asabar, da sunansa da lambar motar. Azumi saura mako guda. In takardar ta mutu, Hamsatu za ta ga wata ba ko tsabar gero a rumbunta.

Ranar da Mamman ya ga tiyon Lahadi ce. Da yamma Mamman ya ɗauko kaye ɗinsa, littafin rubutu mai taurin bango, ya zana injin da kyau, ya zana tiyon yadda yake da baƙin alƙalami, ya zana yadda ya kamata ya kasance da ja. Ya rubuta bayani a ƙasa, ya soke, ya sake rubutawa da kalmomin da ba za su yi wa dattijo kama da gyara ba. Ya sa kwanan wata a kusurwa, don haka aka koya masa.

Ranar Litinin ya ɗauki kaye ɗin ya shiga gidan. Ya tarar da Baba Bawa yana wanke gilas yana ba maƙwabta labarin yadda motar ta tashi jiya a kan gada, har wani mai babur ya waiwayo. Mamman ya gaishe shi, ya tambayi gajiya, ya koma.

Ranar Talata ya yi ƙarfin hali ya ce, ko za a ƙara duba hanyar man nan kafin tafiya.

"Ka ga ɗigo?"

"Ban gani ba, Baba."

"Ka ji ƙara?"

"A'a."

"To mi za a duba? Ku ƴan boko, in ba ku iske ciwo ba sai ku rubuta shi."

Aka yi dariya, Mamman ma ya yi. Zamani ne da kowa ya iya haɗiye magana. A ma'aikata, a tasha, har a rumfar mai shayi, mutum sai ya dubi hagu da dama kafin ya ce rana ta yi zafi. Mamman ya gaya wa kansa cewa motar ta kwana biyu tana aiki lafiya, wataƙila littafi ya yi ƙarin gishiri. Amma ya san tafiyar Lamorde zuwa Kale da kwandunan yakuwa daban take da kilomita ɗari shida da buhu shida.

Ranar Laraba Inna Aisa, matar Baba Bawa, ta kira shi ta kan katanga. Tana tankaɗe garin da za ta yi musu guzuri, ba ta ɗago ba. Ta ce ta ji daɗi da zai raka Malam, mijinta, don shi mai hankali ne. Ta ce abu ɗaya take roƙo: kada ya bar shi ya ɗaga buhu, ko da zai zage shi. Jiya wajen alwala ta ga ya dafa bango ya daɗe, da ta yi magana ya ce jiri ne na rana.

"Kai kake da ilimin abin nan," ta ce. "Lafiya dai ko?"

Mamman ya dubi rariyar da ke hannunta. "Da yardar Allah, Inna."

Suka tashi ranar Alhamis bayan hantsi ya fara, don sai da aka jira mai gadin sito ya buɗe. Buhu shida suka danne bayan motar har ta zauna kamar agwagwa. Mamman ne ya yi lodin shi da wasu maƙwabta biyu, Baba Bawa yana gefe yana ƙorafin an mayar da shi amarya. Kaye ɗin yana kan cinyar Mamman, tare da katin shaida da takardar izini. Ya yanke shawara: da zarar sun wuce shingen gada zai faɗa. Sannan ya ce a'a, in sun fita gari, inda babu mai ji.

Gadar ta miƙe a gabansu. A ƙarƙashinta kogin ya janye ya bar rairayi fari fat, sai ɗan zirin ruwa kore da yara ke tsallakewa. Mutane da jakuna suna ratsa tsakiyar Kwara da ƙafa, abin da tsofaffin unguwar Gawai suka ce ba su taɓa ji ba ko a bakin kakanni. A ɗaya ƙarshen, wajen Gawai, ganguna biyu da sanda a gicciye, da soja uku a inuwar tanti.

Baba Bawa ya taka ta don ta ja kayan. Turbo ya yi fito siriri, motar ta zabura, ya yi murmushi ya ce, "Ka ji ta ko?" Sun wuce rabin gadar sa'ad da ya ɗaga ƙafa don ya rage gudu.

Injin bai rage ba. Ƙararsa ta ƙaru, ta ƙaru, ta koma kururuwar da Mamman bai taɓa jin irinta ba sai a cikin kansa, kwana huɗu a jere. Farin hayaƙi ya turnuƙe bayansu har ya rufe madubi. Baba Bawa ya murɗa makulli ya zare shi gaba ɗaya, ya riƙe shi a hannu yana kallonsa, motar kuwa tana ci gaba da tunkarar shingen. Can gaba soja sun miƙe. Ɗaya ya durƙusa a bayan ganga ya ɗora bindiga.

"Birki, Baba. Ka sa giya ta huɗu, ka danne birki, ka saki ƙafar hagu."

Muryar ta fito a daidaice har Mamman ya yi mamakin tasa ce. Baba Bawa ya yi yadda aka ce. Motar ta girgiza, ta ja taya, ta tsaya kamar taku talatin daga shingen, amma farantin da ke haɗa inji da taya ya tsufa, ya riƙa zamewa yana wari, injin bai mutu ba. Wani soja yana daka tsawa da Zabarmanci, wani da Faransanci, babu abin da ke ratsa ƙarar.

Mamman ya fita, hannu ɗaya a sama, kaye a ɗayan. Bai dubi bindigar ba. Ya ɗaga kapo, murfin injin. Zafi ya doke shi a fuska, injin yana tsalle a mazauninsa kamar zai tsinke. Sai ga Baba Bawa a gefensa, ya fitar da ita daga giya ya ja birkin hannu ya biyo shi, ya fizge robar bututun iska da ƙarfin da ba a san yana da shi ba, ya ciro hularsa zai cusa a bakin.

"Ba hula ba, zai haɗiye ta har da hannunka."

Mamman ya ture hannun dattijon, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi, ya manna bangon kaye ɗin a bakin bututun. Iska ta zuƙe shi ta riƙe gam. Injin ya shaƙe, ya yi gurnani, ya yi tari biyu, ya sake yunƙurawa, sannan ya mutu.

Cikin shirun da ya biyo baya aka ji kukan jaki daga ƙarƙashin gada.

Sarjan ɗin shingen ya iso a hankali, bindigarsa tana kallon ƙasa yanzu, gumi yana zuba daga haɓarsa. Dogo ne mai tsagar Zabarmawa. Ya ce da gurɓatacciyar Hausa saura ƙiris yaronsa ya harba, ko sun sani? Baba Bawa ya ce sun sani, ranka ya daɗe, tsohuwa ce aka ba ta maganin ƙarfi ya yi mata yawa. Sarjan ya duba takardu, ya leƙa buhuna, ya tambayi ina za a kai su. Da ya ji Adar sai ya mayar da takardun, ya kira sojansa biyu suka taimaka aka tura motar gefe, wajen gangaren Gawai.

Baba Bawa ya zauna a kan dakalin hanya. Leɓɓansa sun yi toka. Ya laluba aljihu ya ciro kanwa, ya dube ta, ya mayar. Sannan ya miƙa hannu, Mamman ya ba shi kaye ɗin. Baƙin zobe na mai ya fito a bangon, kamar an ɗora tukunya a kai. Dattijon ba ya karanta Faransanci, amma shekara talatin yana kallon inji, kuma ya san lambobi. Ya daɗe a kan shafin: baƙin tiyo mai hawa, jan tiyo mai gangara. Ya ɗora babban yatsa a kan kwanan watan.

"Lahadi," ya ce.

"Lahadi, Baba." Mamman ya durƙusa. "Na gani tun ina ƙarƙashinta. Na zo in faɗa sau uku. Laifina ne."

Baba Bawa ya rufe kaye ɗin ya riƙe shi a ƙirji da hannu biyu.

"Buba ya faɗa mini, ban ji ba," ya ce. "Da ina son a hana ni, da na kai ta garajin Kale, su ba su jin kunyata. Kai na kira don na san ba ka iya ce mini a'a." Ya ja numfashi, ya jira ya sauka. "Wanga nauyi kada ka ɗauke shi kai ɗaya, ya fi ƙarfin bayanka. Tashi ka nemo Buba. A huda ta."

Wata motar kwasar yashi ta ja su zuwa gida. Kafin azahar an sauke buhunan a zaure, an ɗaga gaban Pijo a kan kututture, Buba da Mamman sun shige ƙarƙashinta. Tsohuwar fatar ta yage kamar yadda aka ji tsoro. Mamman ya sa aka kawo kwalin madarar gari, ya kifa kaskon a kai, ya bi gefensa da ƙaramar guduma har siffar ta fito, ya yanke, ya shafe da man giris. Buba ya ce ashe diplom ma ya san aikin talaka.

Baba Bawa ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar dogon yaro, daidai inda zai riƙa ganin ƙafafunsu. Inna Aisa ta ce a tafi asibiti, ya ce in an gama. Ta kawo masa kunu, ya kurɓa sau biyu. Daga nan ya riƙa ba da umarni: kada Buba ya huda ƙasa da layin mai, kada a bar ɓarɓashin ƙarfe a ciki, a wanke bututun iska da kyau. Buba ya amsa daga ƙasa cewa tun safe da an ji tasa da yanzu ana Doso. Dattijon ya ce Bafillace da walda, ai dole a yi ta fama. Can ya tambaya ko an ɗaure ƙusoshi a gicciye ko a jere. Mamman ya ce a gicciye. Ya ce madalla.

Suka ci gaba da aiki. Kiɗan soja ya tashi daga wani rediyo a maƙwabta, ya ƙare, aka shiga labarai. Mamman ya ɗaure ƙusa ta tara, ta goma, yana jiran a ce masa kada ya matse da yawa. Da aka kira la'asar ba a ce komai ba, sai ya juya kansa ya leƙa ta tsakanin tayoyi. Baba Bawa yana kwance a gefen dama, fuskarsa wajen motar, hularsa ta zame. Inna Aisa tana durƙushe kusa da shi, ƙwaryar kunu a ajiye, ta ɗora tafin hannunta a kan idanunsa.

Aka kai shi kafin magariba. Matan da yake ɗauka kasuwa suka cika tsakar gidan, wasu da kwandunansu, don daga Kale suka taho da ƙafa da suka ji.

Ranar Juma'a maza suna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, motar tana tsaye a kan kututturenta a tsakiyarsu, kowa yana kauce mata da ido. Mamman yana can ƙarshen tabarma, baƙin mai bai gama fita daga faratansa ba. Wani dattijo ya ce a bar batun gero sai bayan sadakar uku, a sake neman takarda. Wani ya ce mako uku aka yi kafin waccan ta fito, kuma da ran mai ita. Sai wata tsohuwa ta leƙo ta ce Aisa tana kiran Mamman.

Ta bayan labule ta yi masa magana. Ta ce tun safe take saurare ba ta ji ƙarar ƙarfe ba. Mamman ya ce ya ga kamar bai dace ba, ana zaman makoki.

"Shi wanda ake zaman dominsa, da me ya kwanta a kunnensa?" ta ce. Hannunta ya fito ta gefen labulen, riƙe da makulli da takardar izini. "An ba da sanarwa a rediyo, amma wa ke da batir a Kwaren Gawo? Hamsatu ba ta sani ba. Kai za ka gaya mata. Ka faɗa mata da bakinka, kada ka tsaya kewaye-kewaye."

Bayan sallar Juma'a shi da Buba suka sake shiga ƙarƙashin motar, masu gaisuwa suna ɗaga ƙafa suna ba su hanya. Jan tiyo na cikin kaye ya zama na ƙarfe, gajere, mai gangara kai tsaye. Da aka tayar da injin, Mamman ya tsaya da wani katako a hannu kusa da bakin iska har rabin sa'a. Injin ya yi ta bugawa a natse. Da aka murɗa makulli ya mutu.

Asabar da sassafe ya isa shingen gada shi kaɗai. Sarjan ɗin nan ne. Ya dubi takardar, ya dubi katin Mamman, ya ce sunan bai yi daidai ba, ina tsohon? Mamman ya ji amsoshi masu sauƙi suna tururuwa a bakinsa: yana gida, ba ya jin daɗi, ya aiko ni. Ya ce, "Ya rasu shekaranjiya da la'asar. Ni maƙwabcinsa ne. Takardar ba da sunana take ba, kuma yau take ƙarewa."

Sarjan ya daɗe yana kallon kujerar da babu kowa. Ya ce da Zabarmanci, "Kala suru," wato sai haƙuri. Ya ɗora takardar a kan kapo, ya rubuta layi biyu a bayanta, ya sa hannu da lambarsa, ya ce duk shingen da aka tsayar da shi ya nuna wannan, bai yi alkawarin za su karɓa ba. Aka ɗaga sanda.

A Doso sun karɓa. A Dogon Dutsi an tsare shi fiye da sa'a guda kafin wani babba ya zo ya karanta ya sallame shi. Hanya duk gawayin itatuwa da ƙasusuwan shanu, da mutane a gindin kowace inuwa suna bin buhunan da ido. Kowane kilomita hamsin sai ya tsaya ya duba mai, ya shafa tiyon, ya shinshina bututun iska. Tsakanin tsayawa da tsayawa yana ta jera kalmomin da zai faɗa, yana sokewa.

Rana ta yi ja lokacin da ya iso gindin dutsen. Ya gane wurin ba tare da an nuna masa ba: hanya ta miƙe tsaye tsakanin baƙaƙen duwatsu, a gefe ga wani faffaɗan dutse inda mutum zai iya jingina buhu ya huta. Ya sa ta biyu, ya yi bisimilla, ya taka. Turbo ya ɗauki fitonsa. Motar ta sunkuya, ta kama ƙasa, ta hau da buhu shida ba tare da ta yi tari ko sau ɗaya ba.

Tun daga nesa Kwaren Gawo ta ji ƙarar. Kafin ya tsaya a ƙofar dangar, wata mace doguwa, ramammiya, mai goshin Baba Bawa sak, ta riga ta fito tana gyara lulluɓi, jikoki a bayanta. Ta dubi buhunan, leɓɓanta suka motsa da godiya. Ta dubi mai tuƙi, ba ta san shi ba. Ta sunkuya ta leƙa ɗaya kujerar, inda babu komai sai kaye mai baƙin zobe a bango.

Ba a kashe turbo da zafinsa. Sai an bar inji ya yi minti biyu yana numfashi a tsaye, man ya zagaya ya sanyaya shi. Mamman ya zauna, hannunsa a kan makulli, yana kallon allurar agogo. Hamsatu ta zagayo gaban motar a hankali, ta ɗora tafin hannunta a kan kapo mai ɗumi, ta bar shi a nan.

Da minti biyun suka cika ya murɗa makullin, injin ya yi shiru. Ya buɗe ƙofa, ya cire takalmansa, ya durƙusa a gabanta.